Girinic: Inda Sifili Ya Goce da Mita 102

Duk wanda ya tashi a gidan da ake kunna rediyo da asuba ya san "agogon GMT" tun kafin ya san inda Landan take. Mai gabatarwa zai ce ƙarfe biyar da rabi agogon GMT, wato shida da rabi agogon Najeriya da Nijar, kowa ya ɗauki na biyun ya bar na farkon. Harafin G ɗin nan sunan wata unguwa ce a kudu maso gabashin Landan, a bakin kogin Tems. A allunan tasha Greenwich ake rubutawa, amma mutanen wurin ba sa furta w ɗin, Girinic suke cewa, haka ni ma zan kira ta. A kan wani tudu a unguwar akwai tsohon gidan nazarin taurari, a tsakar gidan kuma an shimfiɗa wani siririn ƙarfe a ƙasa, aka ce nan ne sifilin duniya, wato inda ake fara ƙirga nisan kowane wuri gabas ko yamma. In ka fuskanci arewa, damanka gabas ce, hagunka yamma. Shi na je gani, kuma buƙatar kowa a wurin ɗaya ce: ya raba ƙafa, ɗaya a gabas ɗaya a yamma, ya ɗaga waya ya ga ta rubuta sifili, sifili, sifili.

Ba ta rubutawa. Amma bari mu isa tukuna.

Hanya uku ce daga tsakiyar Landan. Mafi sauri jirgin ƙasa ne daga tashar London Bridge, kimanin minti goma ka sauka. Akwai kuma ƙaramin jirgin DLR da ba shi da direba, ana hawansa a tashar Bank, sai dai ka tabbata ka shiga mai zuwa Lewisham, domin layin ya rabu gida-gida. Ta uku jirgin ruwa ne daga Westminster. Ya fi tsada, ya fi jinkiri, amma shi ya fi dacewa da wurin, tunda saboda matuƙan jirgin ruwa aka gina gidan tun asali. Inda baƙi suka fi yin asara a DLR shi ne kati. Yawancin tashoshinsa ba su da shingen da zai tare ka, na'urar taɓa katin tana gefe ne a kan ɗan ginshiƙi. Wanda ya taɓa wajen shiga ya manta wajen fita, kuɗi mafi yawa za a cire masa.

Daga bakin kogi, inda tsohon jirgin dakon ganyen shayi Cutty Sark na 1869 yake girke, tafiyar minti goma sha biyar ce zuwa sama. Goman farko a shimfiɗe take, ka wuce gidan tarihin jiragen ruwa ka shiga lambu. Biyar ɗin ƙarshe hawa ne na gaske, gajere amma mai sa haki. Mai ciwon gwiwa ko mai tura keken yaro gara ya zagayo ta ƙofar Blackheath da ke kudu, hanyar can miƙaƙƙiya ce ba hawa.

Sarki Charles na Biyu ne ya sa aka gina gidan a 1675, Christopher Wren ya zana shi, John Flamsteed ya fara zama a ciki yana auna taurari. Fam 500 aka ware wa ginin, aka kashe 520. Ka ga tun daga tushe cikakkiyar lamba ba ta zauna wa wurin nan ba.

Kafin ka biya ko sisi akwai abin kallo a jikin bangon ƙofa: agogon da aka kafa a 1852. Na tsaya a gabansa na ga mutum bayan mutum yana duba nasa agogon yana girgiza kai, a zatonsa wannan ya lalace. Lafiyarsa ƙalau. Abu biyu ke ruɗa mutane. Na farko, fuskarsa ta awa 24 ce, gajeren hannun sau ɗaya yake zagayawa a kwana, don haka da tsakar rana ƙasa yake kallo, ba sama ba. Na biyu, shi ba ya barin GMT, ita kuwa Birtaniya tana barinsa. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba ana tura agogon ƙasar gaba da awa ɗaya. Wata bakwai ke nan a kowace shekara da Girinic kanta ba ta kan agogon Girinic, a watannin nan lokacinta ɗaya da na Kano da Damagaram. Mutumin Kumasi ko Bamako ya fi ɗan Landan riƙo da GMT, domin shi shekara duka a kansa yake.

A ƙarƙashin agogon akwai faranti mai ƙusoshi, an auna yadi, ƙafa biyu, ƙafa ɗaya, inci shida da inci uku, don duk mai shakkar sandar awonsa ya zo ya gwada. Yadin nan da tela yake auna shadda da shi santimita 91.44 ne, lamba mara kyan gani. Mita ce aka ƙirƙiro don ta yi kyan gani. Faransawa sun so tazarar da ke tsakanin ƙuryar arewacin duniya da layin da ya raba ta biyu ta zama mita miliyan goma cif. Daga 1792 masana biyu, Delambre da Méchain, suka shafe shekaru suna auna ƙasa tsakanin Dunkirk da Barcelona, aka ƙera sandar mita bisa lissafinsu. Daga baya aka gano sandar ta gaza da kimanin kashi ɗaya cikin biyar na milimita. Yau tazarar kilomita 10,002 ce, ba 10,000 ba. Aka bar sandar yadda take, aka haƙura da cif ɗin.

Idan kana son ganin jan ƙwallon da ke kan rufin gidan yana faɗowa, ka kasance a wurin da ƙarfe ɗaya saura minti biyar. A lokacin yake hawa rabin sandarsa, saura minti biyu ya kai ƙololuwa, ƙarfe ɗaya daidai ya sauko. Tun 1833 ake yin haka domin jiragen da ke kogi su saita agogonsu daga nesa. Ba sha biyu aka zaɓa ba, saboda a lokacin masu aikin suna can suna auna rana. Sirrin kallonsa shi ne lokacin da ake nufi shi ne farkon motsinsa, ba isarsa ƙasa ba. Ba ƙara, ba ƙararrawa. Jama'a suka ɗaga wayoyi minti biyar cur, ƙwallo ya zame 'yan ƙafafu a cikin 'yan sakan, aka kalli juna. Wanda ya sunkuya yana gyara kyamara ya rasa shi sai gobe. Ranar da iska ta yi ƙarfi ma ba a ɗaga shi.

Shiga tsakar gidan sai da tikiti, kuma ba araha, gara a saya ta intanet kafin a zo. Ƙarfe goma na safe ake buɗewa, sa'ar farko ita ce mai sauƙi, bayan nan sai ka bi layi kafin ka hau layin. Wanda hoto kawai yake so, akwai 'yar ƙofar ƙarfe a gefen agogon nan, tana kai ka wata siririyar hanya a ƙarƙashin tsakar gidan. Layin ya sauko ta jikin bango ya ratsa hanyar, kyauta. Shi ƙarfen na ciki farin ƙarfe ne mara tsatsa, da can tagulla ce. A gefensa an rubuta sunayen biranen duniya da nisan kowanne gabas ko yamma, kowa na sunkuye yana neman nasa.

Na hau, na buɗe waya. Ta rubuta 51°28′40″ arewa, 0°00′05″ yamma. A manhajar taswira kuma -0.0015, alamar ragin nan ita ce yamma. Na kusa da ni ya kashe tasa ya kunna, wata ta ɗaga tata sama kamar mai neman sabis. Duk wayar da aka duba abu ɗaya take faɗa, da ɗan bambancin da bai taka kara ya karya ba. Murna ta koma ciki. Mutane sukan ɗora laifin a kan waya, ko su ce Turawan da ne suka yi kuskuren awo. Ko ɗaya ba haka ba ne. Wayar zamani a fili tana kuskuren mita uku zuwa biyar. Abin da take nunawa a nan kuwa sakan 5.3 ne na kusurwa (sakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin 3,600 na digiri), a Girinic kowane sakan kimanin mita 19.3 ne a ƙasa, ka ninka ka sami mita 102. Ya fi tsawon a kira shi kuskuren waya, kuma kullum gefe ɗaya yake: sifilin waya yana gabas da ƙarfen.

Amsar tana cikin ɗakin da ƙarfen ya fito daga ƙarƙashinsa, ɗakin da yawancin masu hoto ba sa ko leƙawa. A ciki akwai madubin hangen taurari da George Airy, shugaban gidan a lokacin, ya tsara, wanda ya fara aiki ranar 4 ga Janairu 1851. Tsawonsa ya kai mita uku da rabi, faɗin gilashinsa kusan santimita 20, an dasa shi tsakanin ginshiƙan dutse biyu yadda ba ya juyawa gabas ko yamma ko kaɗan, sai dai ya ɗaga ya sunkuya tsakanin arewa da kudu. Rufin ɗakin yana da tsaga da ake buɗewa. A cikin madubin an ɗaure zaren gizo-gizo na gaske, don ba a sami abin da ya fi shi siranta ba. Ma'aikaci zai zauna cikin sanyin dare yana jiran tauraro ya ƙetare zaren, ya rubuta lokacin. An yi irin wannan awo kusan 600,000 kafin a ajiye na'urar a 1954. To layin da ake rububin takawa a waje ba komai ba ne illa tsakiyar wannan madubi da aka ja ta fito tsakar gida. Ba a binciko sifili aka zo aka ɗora na'ura a kansa ba. Inda aka ajiye na'urar shi ya zama sifili.

Na'urar ba ta aiki sai an san inda sama sak take, ita kuwa ba a saninta sai an san ƙasa sak. Magini yakan saki igiya mai ɗan ƙarfe a baki, ko ya ɗora lebur. Su masu taurari kwanon zaiba suke ajiyewa a ƙasa, su juyo da madubin ya kalle shi. Zaiba tana kwanciya sumul tana sheƙi, idan zaren ya hau kan hotonsa da ke cikin zaibar, madubi ya tsaya cak. Dabarar ba ta da aibu. Sai dai igiya da lebur da zaiba duk abu ɗaya suke bi, wato jan da duniya take yi wa duk abin da ke da nauyi, shi kuwa jan nan ba ya nufar tsakiyar duniya daidai. Cikin duniya ba ɗaya ba ne. Wani wuri dutsen ƙarƙashi ya fi nauyi, wani wuri ya fi sauƙi, wani wuri tsauni ne, wani teku. Igiya takan ɗan karkata wajen da nauyi ya rinjaya. A Girinic karkatar ta kai kimanin milimita 16 a kowace kilomita ɗaya ta tsawon igiya. Ba maginin da zai taɓa lura da wannan, ko da hasumiya yake ginawa. Amma miƙa igiyar cikin tunaninka har cikin duniya, kusan kilomita 6,400. Milimita 16 sau 6,400, mita 102 ke nan. Ga ɓatacciyar tazarar ta fito.

Tauraron ɗan Adam bai san kwanon zaiba ba. Shi tsakiyar nauyin duniya yake kewayawa, daga can yake lissafi. Da aka zo tsara ma'aunin da GPS yake amfani da shi a 1984, dole layin sifili ya ratsa ta tsakiyar duniya. Sai zaɓi ya zama biyu: ko a riƙe wurin da Airy ya ajiye na'urarsa a sauya lokaci, ko a riƙe lokaci a bar wurin ya matsa. A Girinic juyawar duniya tana tafiya da ƙasa kimanin mita 290 a sakan ɗaya, don haka mita 102 kusan sulusin sakan ne. Ga mai dafa shayi ba komai ba ne, ga masu lissafin taurari da suka tara awon fiye da shekara ɗari kuwa ɓarna ce babba. Aka riƙe lokaci. Sabon layin yana kallon sararin sama ta fuska ɗaya da tsohon, a doron ƙasa ne kawai ya koma gabas. Wasu masana awon ƙasa a Amurka sun fitar da cikakken lissafin a 2015, suka nuna karkatar igiyar nan ta isa ta bayyana tazarar duka. Wani abin dariya, ofishin da ya tsayar da sabon layin a Faris yake, babban birnin Faransa, ƙasar da ta ƙi amincewa da tsohon shekara ɗari daidai kafin nan.

Neman sifilin waya ya fi hawa ƙarfen daɗi, ga shi kyauta. Ba a miƙewa daga tsakar gida saboda shinge, sai ka fito ta ƙofa, ka wuce mutum-mutumin Janar Wolfe da ke kallon kogi, ka ƙetare babbar hanyar lambun, ka ci gaba gabas. Daga ƙarfen taku 135 ne zuwa 140 ga mai matsakaicin tsawo, kowane taku 25 sakan ɗaya yana raguwa: biyar, huɗu, uku. Ga abubuwan da kan ɓata gwajin. A iPhone manhajar kamfas tana nuna digiri da minti da sakan kai tsaye, amma sai an ba ta izinin sanin ainihin wurin da kake, in ba haka ba ba za ka ga lambobin yadda ya kamata ba. A Google Maps in ka danna ka riƙe, lambar da take ba ka ta inda yatsanka ya sauka ce, ba ta inda ƙafarka take ba, don haka sai ka zuƙo taswirar har ƙarshe, ko ka sauke manhajar da ke nuna lambobin GPS suna motsi. Ba a buƙatar data, sararin sama ake buƙata. Lambun cike yake da manyan itatuwa, a ƙarƙashinsu lambar takan yi tsalle mita goma ko fiye. Ka fita fili, ka tsaya cak minti ɗaya ko biyu, ka bar wayar ta nutsu.

A inda ta koma sifili ba allo, ba ƙarfe, ba kowa. Ciyawa ce da 'yar hanya, da masu yawo da karnuka. Kuma sifilin ba ya tsayawa. Yanzu ka ga alamar ragi, yanzu ta ɓace, lambobin ƙarshe suna ta rawa ko da ba ka motsa ba. A nan na gane cewa samun sifili ya danganta ne da yawan lambobin da ka yarda waya ta nuna maka. Manhaja mai lamba biyu bayan ɗigo za ta ba ka 0.00 ko kana mita 300 daga layin. Mai lamba huɗu tana ba ka faɗin 'yan mitoci, domin 0.0001 na digiri kusan mita 7 ne a nan. Mai lamba shida kuwa tana neman ka tsaya a kan faɗin tafin hannu, abin da wayar ba ta da ikon tabbatarwa. Ko da an kafa allo ma ba zai dawwama daidai ba. Farantin ƙasar da Ingila take kai yana tafiya arewa maso gabas kimanin santimita biyu da rabi a shekara, don haka ƙarfen Airy yana matsowa wajen sifilin waya a hankali, tafiyar dubban shekaru.

Da na koma cikin gidan na tarar ashe ma layin Airy ba shi ne na fari ba. Flamsteed yana da nasa, magajinsa Edmond Halley ya ja nasa, James Bradley da ya biyo baya ya ja nasa a 1750, kowane sabon madubi sai a gina masa ɗaki a gabas da na baya, sifili ya bi shi. Na Bradley yana kimanin mita 6 yamma da na Airy, kuma hukumar zana taswirar Birtaniya a kansa ta gina taswirorinta. Abin da ya ɗaga na Airy sama da sauran taro ne da aka yi a Washinton a Oktoban 1884. Ƙasashe 25 suka halarta, daga Afirka Laberiya ce kaɗai. Ƙasa 22 suka zaɓi Girinic, San Domingo (Jamhuriyar Dominika ta yau) ta ƙi, Faransa da Barazil suka ƙaurace. Hujjar da ta yi nasara ta kasuwa ce: kusan kashi 72 cikin ɗari na dakon kayan teku a lokacin da taswirorin da suka fara ƙirga daga Girinic ake yinsa. Faransa ba ta sauya agogonta ba sai 1911, kuma ko a dokar ba ta ambaci Girinic ba, cewa ta yi lokacin Faris da aka jinkirta da minti 9 da sakan 21. Wata ɗaya bayan taron Washinton aka buɗe na Balin, inda aka ja wasu layukan da mu muka fi jin su a jika.

Agogunan John Harrison suna cikin gidan, kuma su kaɗai sun isa kuɗin tikiti. Matsalar da suka warware mai sauƙin faɗa ce. Duniya tana juya digiri 15 a awa ɗaya, digiri ɗaya a minti huɗu. Matuƙin da ya san tsakar ranar inda yake, kuma yana da agogon da ya riƙe lokacin Girinic, bambancin biyun zai gaya masa nisansa gabas ko yamma. Mai azumi ya san wannan lissafi ko bai san sunansa ba: Maiduguri tana gabas da Sakkwato da kusan digiri takwas, shi ya sa take riga ta shan ruwa da kimanin rabin awa. Wuyar ita ce agogon da zai jure tangaɗin teku da zafi da sanyi. A 1714 majalisar Birtaniya ta sa ladan fam 20,000. Harrison, wanda asalinsa kafinta ne, ya ƙera na farko mai nauyin kilo 34, ya ƙare da na huɗu mai faɗin santimita 13, kamar babban agogon aljihu, wanda aka gwada a tafiyar Jamaika ta 1761. Manyan ukun suna aiki a gabanka. Na huɗun, wanda ya fi su duka, a tsaye yake, domin shi yana buƙatar mai, kuma aiki yana cinye shi.

Sha biyun rana ma ta leƙo ta koma. Mutum zai zaci a kan layin sifili rana tana tsayawa tsaka da ƙarfe 12:00 daidai agogon GMT. Sau huɗu kawai hakan ke faruwa a shekara, wajen tsakiyar Afrilu, tsakiyar Yuni, farkon Satumba da ƙarshen Disamba. A farkon Nuwamba zawali yana riga agogo da minti 16, a tsakiyar Fabrairu yana makara da minti 14, saboda hanyar da duniya ke bi ta kewaya rana ba da'ira ce cikakkiya ba, ga kuma karkatar da duniyar ta yi. Harafin M na GMT matsakaici yake nufi, wato wata rana ce ta lissafi da ba ta sauri ba ta nawa. Duk mai duba jadawalin salla ya ga yadda azahar take matsawa gaba da baya cikin shekara, to dalilin ke nan.

Daga gaban mutum-mutumin Wolfe, in ka dubi arewa maso gabas, za ka hango wata farar rumfa mai rawayen sanduna a lanƙwasar kogi. Ita ce babbar shaidar abin da son cikakkiyar lamba yake sa gwamnati ta yi. An gina ta don shekarar 2000, a Girinic, saboda sifili uku na kalanda su haɗu da sifilin taswira. Jikinta ma lissafi ne: sanduna 12 don watanni, faɗin mita 365 don kwanaki, tsayin mita 52 a tsakiya don makonni. An yi hasashen baƙi miliyan 12 a shekarar, kimanin miliyan shida da rabi suka zo, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. A daren buɗewar ma manyan baƙi da yawa sun shafe sa'o'i a tashar Stratford suna jiran tikiti da bincike. Sai da aka mai da ita zauren wasanni da kiɗa mai suna O2 a 2007 sannan ta fara cika.

Shi kansa daren bai zo da abin da aka jira ba. Masana gidan taurarin sun sha faɗa cewa ƙarni na 21 sai 1 ga Janairu 2001 zai fara, domin kalandar Miladiyya ba ta da shekarar sifili, daga ɗaya ta fara, don haka shekara dubu biyu ba ta cika sai 2000 ta ƙare. Ba wanda ya saurare su, kuma ban ga laifin mutane ba. Ba cikar lissafi suke jira ba, juyawar lambobi huɗu a lokaci ɗaya suke son gani, kamar direban da ke rage gudu ya ga 99,999 ta koma 100,000 a allon mota. Mu ma harshenmu daga cikakkiyar lamba yake waiwaye, shi ya sa muke cewa ashirin ba ɗaya, ɗari ba biyu. Kuma ba Girinic ce ta fara shiga 2000 ba. Tsibiran Kiribati na gabas sun riga ta da awa 14, har aka sauya wa ɗayansu suna ya koma tsibirin Millennium. A lissafin Hijira daren ya faɗo ne a goman ƙarshe na Ramadan 1420, lambar da ba ta ce wa kowa komai ba. Habasha kuwa sai a Satumban 2007 ta yi bikin nata 2000.

Wanda bizar Ingila ta yi wa nisa, layin yana da wasu mashigai. Daga Ingila ya ratsa Faransa, Sifen, Aljeriya, Mali, Burkina Faso, ya ɗan taɓa Togo, ya bi ta Gana kusa da Yendi, ya ƙetare tafkin Volta, ya faɗa teku a Tema. A Tema babu ruwanka da mita 102 ta Girinic, domin karkatar igiya kowane wuri da tasa. Ka bi abin da wayarka ta nuna, digiri ɗaya a can kusan kilomita 111 ne, sakan ɗaya kimanin mita 31. Kimanin kilomita 600 kudu da gaɓar, layin ya haɗu da wanda ya raba duniya arewa da kudu. Nan ne sifili biyu suke haɗuwa, ruwa ne zalla, amma a taswirorin kwamfuta wurin cike yake da shaguna da gidaje da hotuna, saboda duk bayanin da aka manta ba a sa masa lambar wuri ba, manhajoji da yawa sifili da sifili suke ba shi.

Na jira duhu saboda koren hasken leza da ake harbawa daga saman ɗakin Airy zuwa arewa tun Disamban 1999. Da hunturu wajen ƙarfe huɗu da rabi na yamma duhu ya yi, a tsakiyar bazararsu kuwa sai bayan tara na dare, kuma ana rufe lambun, don haka a duba lokacin rufewa a allon ƙofa. Daga gefe da ƙyar ake ganinsa. Sai ka sauko gangaren ka tsaya kusan a ƙarƙashinsa, ka kalli tsawonsa, a nan yake fitowa sosai, musamman daren da akwai ɗan hazo ko yayyafi. Ya bi ta saman kogi ya wuce ta yammacin farar rumfar. Layin Airy yake bi, don haka in ka duba waya a ƙarƙashinsa, sakan biyar ɗin nan na yamma suna nan.